Darasi daga tsakar gida: kallon tsuntsaye da ɗaukar hotonsu a Jos

Mai gabatarwa: Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da safiya. Yau ba a situdiyo muke ba, mun ɗauko na'urarmu mun zo wani gida a unguwar Rikkos a nan Jos. In kun ji ina magana ƙasa-ƙasa, mai gidan ne ya gindaya mini sharaɗi. Tsohon malamin makaranta ne, kuma ya daɗe yana kallon tsuntsaye yana ɗaukar hotonsu, galibi ba tare da ya taka ƙofar gida ba. Malam, ina kwana? Ya sanyi?

Malam: Lafiya lau, 'yata. Sanyi lokacinsa ne. Matso nan kan tabarma, ki ba gabas baya. Yauwa. Darasin ma ya fara ke nan: rana a bayanki, tsuntsu a gabanki. Wanda ya zauna yana fuskantar rana, baƙar inuwa zai ɗauka, ko nawa ya sayi kyamararsa.

Mai gabatarwa: Ni na zaci da kyamara za mu fara. Na ga ko fito da ita ba ka yi ba.

Malam: Tana ɗaki, za mu zo kanta. Mutane sukan zo mini da tambaya ɗaya, wai wace kyamara za su saya, ni kuma sai in ce su fara sayen kasko. Dubi can gindin gwabar nan. Kaskon ƙasa ne, mai faɗi, marar zurfi, da ruwa a ciki da 'yan duwatsu. Rabon Jos da ruwan sama tun watan Oktoba, kuma ba za mu sake ganinsa sosai ba sai wajen Afrilu. Duk tsuntsun da ke unguwar nan, musamman masu cin ƙwaya, dole ya sha ruwa, ya kuma yi wanka don gyara gashinsa. Wanda ke da ruwa a rani ba ya bin tsuntsu, tsuntsu ke zuwa ya same shi. Ba sai kin yi ta sanɗa a bayan gidajen mutane ba.

Mai gabatarwa: To, ga mai son ya gwada yau, yaya ake ajiye shi? Kowane mazubi ya yi?

Malam: A'a. Bokiti da baho ba su yi ba, ƙaramin tsuntsu zai iya nutsewa a ciki. Zurfin ruwan kada ya wuce santimita 3 zuwa 5 a tsakiya, gefe kuma ya fi haka rashin zurfi. Roba da silba suna da santsi, ƙafarsu ba ta kamawa, shi ya sa na fi son kasko, ga shi kuma yana riƙe sanyin ruwa. A sa duwatsu biyu ko uku su ɗan leƙo sama da ruwan, nan ƙananan za su tsaya. Sai wurin ajiyewa, wanda ya fi komai. A bar tazarar kamar mita 2 zuwa 3 tsakaninsa da wata bishiya ko shinge. In ya yi nisa da mafaka, suna tsoron shaho, ba za su sauko ba. In kuma ya manne da duhuwa, kin haɗa wa kyanwar maƙwabta karin kumallo. Kin ga gorar robar da na rataya a reshe? Na huda ta da allura, tana ɗiga a hankali. Ƙarar ɗigon nan da motsin ruwan suna jawo tsuntsun da ke wucewa ta sama, wanda da ba zai lura da kaskon ba.

Mai gabatarwa: Ba za a tara wa gida sauro ba kuwa? Na san abin da uwargida za ta fara tambaya ke nan.

Malam: Tambaya ce mai kyau, kuma tana da gaskiya. Sauro yana bukatar kamar mako guda ko fiye a cikin ruwan da ke kwance kafin ya tashi daga ƙwai ya zama mai cizo. Ruwan nan kuwa kullum ake zubar da shi, a goge kaskon da soso, ba sabulu, a zuba sabo. Ba don sauro kaɗai ba. Kurciyoyi suna da wata cuta ta maƙogwaro da suke ba juna ta wurin shan ruwa. Sannan mu a Filato masu kiwon kaji ne. Tun 2006 da aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Najeriya, ba ta daina leƙowa ba. Don haka mai kaji ya raba wurin shan kajinsa da na tsuntsayen daji, nesa da juna, kuma mai babbar gonar kaji ni shawarata kada ma ya jawo su kusa. In an ga mataccen tsuntsu, kada yara su ɗauka da hannu.

Mai gabatarwa: Abinci fa? Na ga an watsa wani abu a kan faifan dutsen can.

Malam: Acca ce da ɗan gero. Accar nan tamu ta Filato babu kamarta ga ƙananan tsuntsaye, saboda ƙwayarta ƙanana ce, daidai bakinsu. Tafi ɗaya ya isa, wanda za su cinye kafin azahar, don abin da ya kwana ɓeraye yake kira. Masu cin 'ya'yan itace kuma, a tsaga musu gwanda ko ayabar da ta nuna sosai a soke a reshe. Banda tuwon jiya da miya, banda abin da ke da gishiri, banda hatsin da ya yi fumfuna. Amma ni a ganina abinci ƙari ne kawai. Gidan da ke da gwanda, da gwaba, da zogale mai fure, ya riga ya dafa musu. Furen zogale kaɗai ya isa ya kawo miki 'yan tsuntsayen nan masu siririn baki lanƙwasasshe, masu shan ruwan fure, waɗanda namijinsu ke ƙyalli in rana ta taɓa shi. Tsaya. Kada ki nuna da hannu. Kalli bakin kaskon ta hagu.

Mai gabatarwa: Na gan su, su biyu. Ɗaya ja wur, ɗaya kuma ruwan ƙasa. Ƙanana ƙwarai.

Malam: Su ne tsuntsayen da ake kira baiwar Allah, mata da miji. Tsawonsu bai fi santimita 10 ba. Jan shi ne namijin, in kin lura akwai siririn zobe ruwan ɗorawa kewaye da idonsa, da 'yan ɗigo-ɗigon fari a gefen ƙirji. Macen ba ta da ja sai ɗan tabo a gaban ido da kuma gindin wutsiya. Yanzu ki kalli yadda yake sha. Ya tsoma baki, ya ɗaga kai sama, ruwan ya gangara, ya sake tsomawa. Kin gani? A daidai ɗaga kan nan ake danna kyamara, don lokacin ne yake tsayawa cak na ɗan ƙiftawar ido, haske ya faɗa cikin idonsa, wani lokaci har da ɗigon ruwa a bakinsa. Kurciya ba haka take yi ba. Ita tana tsoma baki ta zuƙa ta zuƙa ba ta ɗagowa sai ta ƙoshi, irinsu tattabara da hasbiya duk haka suke. To ita hotonta kafin ta sunkuya ake ɗauka, sa'ad da ta sauka tana waige-waige. Wanda bai zauna ya kalli wannan da idonsa ba, zai cika waya da hoton ƙeyar kurciya.

Mai gabatarwa: Wato a fara da kallo kafin ɗauka.

Malam: A yi mako guda ana kallo kawai, da littafi da biro. Wa ke fara zuwa, ta wace kusurwa, a kan wane reshe yake tsayawa kafin ya sauka. Kusan kowannensu yana da wurin da yake yada zango ya duba lafiyar wuri. In kin gane wannan, sai ki samo busasshen reshe mai kyan fasali ki kafa shi kusa da ruwan, ɗan sama da shi, a inda haske ke faɗawa. Su da kansu za su mayar da shi wurin tsayawa. Sai ki duba abin da ke bayan reshen daga inda kike zaune. A gidajenmu abin da ke ɓata hoto shi ne igiyar shanya, da tankin ruwa, da kwanon rufi. Matsar da reshen har bayansa ya zama ganye ko katangar ƙasa, kuma da nisa, mita 4 ko fiye. Iya nisan bayan, iya yadda zai narke ya bar tsuntsun shi kaɗai a fili.

Mai gabatarwa: Akwai wani baƙi da ya sauko kusa da su yanzu, mai farin baki.

Malam: Madalla, kin yi sa'a, wannan shi ne mai labari. Dubi ƙafarsa, ja-ja ce, jikinsa baƙi mai sheƙi. Daga ƙarshen damina zuwa kaka namijin yake sa wannan riga, in lokacin ya wuce sai ya koma ruwan ƙasa mai zane, ki rantse wani tsuntsu ne daban. Shi da matarsa ba sa yin sheƙa. Macen tana fakon baiwar Allah, ta shiga sheƙarta ta saka ƙwai. In an ƙyanƙyashe, cikin bakin ɗan nata yana da irin zanen da ke cikin bakin 'ya'yan masu gida, don haka uwar riƙo ba ta bambancewa, ta ciyar da su gaba ɗaya, kuma ba ya kashe 'yan'uwan renonsa, tare suke tashi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kukansa. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. To wannan kukan gidan da aka rene shi yake koya, yana haɗawa da nasa, macen kuma tana zaɓen namijin da ke kukan irin gidan da ita ma ta tashi.

Mai gabatarwa: Ikon Allah. Kuma duk wannan a tsakar gida.

Malam: Yana da ɗan'uwa da ya sa sunan Jos ya shiga littattafan masana tsuntsaye na duniya, don da sunan tsaunin Jos ake kiransa. Shi kuma a sheƙar wata baiwar Allah ta kan duwatsu yake saka ƙwai, mai jan baya, wadda sai a 1998 masana suka tabbatar cewa jinsi ce mai zaman kanta. Turawa suna biyan kuɗin jirgi don su zo su ga waɗannan biyun a dajin Amurum, kusa da Laminga, kimanin kilomita 15 daga cikin gari. A nan cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis take, wadda ake kira APLORI, ƙarƙashin Jami'ar Jos, an kafa ta a 2001. Dajin bai fi hekta 300 ba, amma an ga tsuntsaye iri sama da 300 a cikinsa, a ƙasar da gaba ɗayanta ke da iri sama da 900. Da yawa daga cikin mutanen garin nan ba su taɓa jin sunan wurin ba, abin yana ba ni haushi.

Mai gabatarwa: To Malam, a dawo kan kyamara. Yawancin masu sauraronmu waya ce a hannunsu.

Malam: Waya tana yi, in an san iyakarta. Jawo hoto da yatsu biyu da ake yi a kan allo, a yawancin wayoyi ba kusantowa yake yi ba, yankan hoton yake yana buɗa shi, shi ya sa yake fitowa dishi-dishi. Maimakon haka, wayar ce za ta matsa, ke ki ja da baya. Jingina ta da dutse kamar taku biyu daga kaskon, daidai tsayin ruwan, ki kunna bidiyo a mafi girman ingancin da take da shi, ki koma ɗaki. Da farko za su yi ɗari-ɗari da ita, bayan 'yan kwanaki sai su daina kula ta. Daga baya ki bi bidiyon a hankali ki ciro hoton da ya yi kyau. Akwai kuma ɗan madannin Bluetooth da ake sayarwa a shagunan kayan waya, da shi za ki iya ɗauka daga bakin taga. Mai tabarau na hangen nesa kuma zai iya ɗora idon kyamarar wayar a kan idonsa ɗaya, yana bukatar haƙuri da hannun da ba ya rawa, amma yana fitowa. Wanda zai saya, ya nemi mai lamba 8x42. Takwas ɗin yawan kusantowa ne, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Masu manyan lambobin nan da 'yan talla ke yabawa, rawa kawai suke yi a hannu.

Mai gabatarwa: Mai babbar kyamara fa, irin ta masu ɗaukar hoton biki?

Malam: Ita kanta ta isa, gilashin gaba ne zai canza. Na biki gajere ne. Tsuntsu yana son mai milimita 300 zuwa 400, kodayake a tsakar gida, da yake ke kika tsara nisan, ko 200 yana aiki. Abu na farko shi ne saurin ƙiftawar kyamara. Ƙaramin tsuntsu ba ya zama wuri ɗaya, don haka 1/1000 na daƙiƙa nake farawa da shi. Kurciyar da ta lafe a reshe, 1/500 ya ishe ta. Mai wanka yana fantsama ruwa ko mai tashi, 1/2000 ko sama. Ƙofar haske a buɗe ta, f/5.6 ko f/6.3, sannan a bar ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, ya riƙa daidaita kansa. Kada a ji tsoron ya hau 1600 ko 3200 da sassafe. Hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa ana iya gyara shi a kwamfuta, wanda ya girgiza kuwa sai shara. A sa saitin a kan idon tsuntsun, ɗigo ɗaya, ba a bar kyamara ta zaɓa da kanta ba, don ita ganyen da ya fi kusa za ta kama. A kuma sa ta ɗauka a jere, kar-kar-kar, a cikin biyar ɗaya zai fito.

Akwai abin da hazon hunturu yake yi da ya kamata a sani. Yana tace rana, haske ya yi laushi, har ƙarfe 10 ana iya ɗauka, alhali a watan Maris ƙarfe 9 ma ta yi tsauri. Amma sama takan zama fara fat. In hankaka ko shirwa ko kulkulu ya tsaya a kan eriya, sama a bayansa, kyamara za ta ruɗe ta mai da shi baƙi ƙirin. Sai a ƙara haske da mataki ɗaya, wani lokaci har biyu. Balbela kuwa akasin haka, fara ce, a gaban ganye mai duhu sai a rage, in ba haka ba gashinta ya wanke, ba a ganin komai.

Mai gabatarwa: Na ji wani kuka daga bayan katanga tun ɗazu, mai zurfi.

Malam: Kamar ana tuttular da ruwa daga gora? Ragon maza ne. Baƙin kai, fukafukai ja-ja, jan ido, ya fi son tafiya cikin ciyawa a kan tashi. Yana fitowa shan hantsi ya baza fukafukai, nan ake samunsa. Kunne rabin aikin ne. Akwai manhajar Merlin ta Jami'ar Cornell a Amurka, kyauta ce, ki ba ta hoto ta kawo miki sunayen da take zato, sai ki tantance da idonki. Amma ban yarda da abin da wasu ke yi ba, su kunna kukan tsuntsu a waya don ya fito. Shi a zatonsa kishiya ce ta shigo masa gida, ya bar abinci da 'ya'ya ya zo faɗa. Haka ma sheƙa. In kin ga sheƙa, ki bar ta. Yawan leƙe yana sa uwa ta guje wa ƙwai, yana kuma nuna wa hankaka da kyanwa da yara masu danƙo hanya.

Sai wata magana da ba ta cikin littafin kowane Bature. Dogon gilashi a unguwa abin zargi ne. Tsuntsu ya tashi ya sauka a katangar maƙwabci, kai ka bi shi da kyamara, a bayan katangar nan kuwa iyalin mutum ne. Ka gaya wa maƙwabtanka abin da kake yi tun farko, ka nuna musu hotunan, kuma akwai kusurwar da ba a juya kyamara can ko da wane tsuntsu ne ya sauka. A waje kuma, kusa da shingen jami'an tsaro ko bariki, a bar ta cikin jaka. Garinmu ya ga abin da ya gani.

Mai gabatarwa: Gaskiya ne. To hotunan da littafin, ina amfaninsu bayan nishaɗi?

Malam: Suna da shi. Tun 2015 ake aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, APLORI ke jagoranta, kuma 'yan sa kai ne ke yin yawancinsa. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kamar kilomita 9 a tsaye 9 a kwance, mutum ya shigar da abin da ya gani ta manhajar BirdLasser. Gidanki yana cikin ɗaya daga cikinsu. Rubuta ranar da kika fara ganin shamuwa bana, da ranar da tsattsewa suka yi yawa, duk bayani ne. Mu da muka girma muna ganin ungulu a kowace mahauta, yau sai a yi wata ba a ga ɗaya ba, kuma da an riƙa rubutawa da an san shekarar da abin ya fara. Masu gida a bakin gari, wajen gonaki, su riƙa duba ƙafar tsuntsu a hoto. Akwai ƙanana da ke zuwa daga Turai, su ƙetare Sahara, nauyinsu bai kai giram 20 ba, su iso nan wajen Satumba da Oktoba su koma a Afrilu. Masu bincike suna sa musu zobba masu launi, kuma sun gano cewa da yawansu suna dawowa daidai gonar da suka yi rani bara. In zobe ya fito a hotonka, ka rubuta rana da wuri da jerin launukan, ƙafar dama da ta hagu, ka kai musu.

Mai gabatarwa: Lokaci yana neman cin mu. Ƙurar nan fa, ba ta lalata kayan?

Malam: Tana yi. Kada a goge gilashi da bakin riga, ƙurar hunturu yashi ce, karce shi za ta yi. A fara hure ta da ɗan famfon roba na masu kyamara, sannan a shafa da ƙyalle mai laushi. Kada a cire gilashi daga jikin kyamara a tsakar gida, a shiga ɗaki. Damina kuma nata ya fi muni, don a Yuli da Agusta danshin Jos yana sa fumfuna ta tsiro a cikin gilashin, kuma in ta ci ta ci. A samu roba mai murfi da ke rufewa gam, a zuba 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, a riƙa shanya su a rana suna bushewa ana mayarwa.

Mai gabatarwa: Malam, mun gode ƙwarai, Allah ya ƙara lafiya. Jama'a, a nan za mu dakata, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Malam: Amin, 'yata. Ki tashi a hankali, ki bi ta bayan tankin.